Gwaggo ta karye a gefen titi a Bronx: wa ke da alhakin biyan diyya?

Ɗan Kumasi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar birnin New York, kuma a yi mini haƙuri da tsawon bayani. Yau kwana 24 ke nan da gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke zaune a wurina a Bronx, ta faɗi a kan daɓen gefen titi tana dawowa daga ɗauko yara a Islamiyya bayan magariba. Saiwar wata bishiya ce ta cicciɓa fallen kankare ɗaya har ya ɗara na kusa da shi tudu. Ita kuwa tana riƙe da autana, hankalinta na kan yaron, sai ƙafarta ta ci karo da bakin kankaren, ta tafi gaba ɗaya. Da hannun dama ta tokare ƙasa, wuyan hannun ya karye a wuri biyu, sai da aka yi mata tiyata aka sa ƙarfe.

Gwaggo kitso take yi a wani shago a Harlem, da shi take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta biyu da ke gida. Likita ya ce za a ɗauki watanni kafin ta iya riƙe ko da mataji, kuma bai yi alkawarin yatsun za su koma da saurinsu na da ba. Duk wanda ya taɓa ganin makitsiya tana ƙananan kitso na awa shida ya san abin da wannan magana take nufi.

Gidan da wurin yake gabansa bene ne mai hawa uku, na wani dattijo wanda shi ma a ciki yake zaune. Shi ne ya fara fitowa, ya kawo mata kujera, ya naɗe ƙanƙara a tawul ya ɗora mata, bai koma ciki ba sai da motar asibiti ta tafi da ita. Saboda haka da na ɗauko zancen lauya, Gwaggo ta ce ƙaddara ce, kuma ita ba za ta saka alheri da sammaci ba. Tambayata ita ce, a doka wa ke da alhakin wannan daɓe, mai gida ko hukumar birni, kuma akwai abin da za mu rasa idan muka dakata har ta warke tukuna?

Malama Tafinta

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ba lauya ba ce, amma na daɗe ina aikin shirya takardu da tafinta a ofishin lauyoyin da wannan ce sana'arsu, don haka zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ta gaggawa. Akwai abin da za ku rasa, kuma babba ne. Duk wanda yake son ya nemi diyya daga hukumar birnin New York dole ne ya shigar da takardar sanarwar neman diyya a ofishin Kwanturola, wato jami'in da ke kula da kuɗin birni, cikin kwana 90 daga ranar da abin ya faru. Kun ci 24, saura 66. Bayan wannan takarda, ƙarar kanta dole a shigar da ita cikin shekara ɗaya da kwana 90. Idan kuwa mai gida ne ake nema, wa'adin shekara uku ne. Wanda ya makara da takardar farko yana iya roƙon alƙali ya yi masa uzuri, amma alƙali yana da damar ƙi, kuma rashin sanin doka ba ya cikin uzurin da suke saurin karɓa.

Game da wanda ke da alhaki, a da birni ne ake kamawa a kusan kowane irin faɗuwa. Daga watan Satumba na 2003 aka fara aiki da sashe na 7-210 na kundin dokokin gudanar da birni, wanda ya ɗauke nauyin ya ɗora wa mai ginin da daɓen ke gabansa, ko da yake daɓen ba mallakarsa ba ne. Sai dai an toge rukuni guda: gidan zama na iyali ɗaya, ko biyu, ko uku, wanda mai shi yake zaune a ciki, kuma ba a yin komai da shi sai zama kawai. Idan sharuɗɗan nan uku suka cika, nauyin diyya yana nan a kan birni. Ka lura, hawa uku daban, iyali uku daban. Abin da ake ƙirgawa shi ne sassan zama, ba benaye ba.

Ka ga ke nan yadda ka siffanta gidan, akwai yiwuwar dattijon nan ba ya cikin maganar sam, wanda za a nema shi ne birni, kuma birnin ne mai gajeren wa'adi. Kunyar da Gwaggo take ji tana iya zama ta mutumin da babu wanda zai taɓa shi, alhali kwanakin suna tafiya. Kafin komai, ka je gobe da rana da tef ɗin awo, ka ɗauki hoton wurin daga kusa da tef ɗin a tsaye jikin bakin kankaren, ka ƙara ɗauka daga nesa yadda lambar gidan za ta fito. Ka adana takalman da ta sa ranar, kada a wanke, kada a bayar. Idan akwai kanti mai kyamarar tsaro a layin, a roƙe su yau, domin galibin na'urorin nan suna goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki ko makonni.

Mai Tasi

Ƙanena, ka ji maganar Malama da kunnen basira, domin ni abin ya ci ni. Wata shekara da hunturu na zame a kan ƙanƙarar da ta daskare a gaban wani ginin hukuma, na bugu a gwiwa. Na ɗauka targaɗe ne, na yi ta shafa man zafi, har na je wurin wani ɗan'uwanmu da ya iya ɗori ya ja mini ƙafar. Sai da na yi wata biyar ina ɗingishi, ina taka birki da ƙyar, sannan na je aka ɗauki hoto aka ce jijiya ce ta yage. Lauyan farko da na samu, tambayarsa ta farko ita ce ranar da na faɗi, da na faɗa masa sai ya rufe littafinsa. Na biyu ya ɗan saurare ni, amma ya nuna mini cewa ba ni da hoton wurin, ba ni da shaida, ba ni da takardar asibiti ta makon da abin ya faru, kuma ba zan iya rantsewa a kan ko dusar ƙanƙarar ta daina sauka a lokacin ba.

A nan na koyi cewa doka ta ba mai gini awa huɗu bayan dusar ta tsaya kafin a ce ya yi sakaci wajen sharewa, kuma ba a lissafa tsakanin ƙarfe 9 na dare da 7 na safe. Wanda ya faɗi ana cikin saukarta, da wuya ya sami komai. Naku ya fi nawa sauƙi nesa ba kusa ba, tunda kankare ba ya narkewa. Amma ana iya fasa shi a zuba sabo, don haka hoton nan kada ya kwana biyu.

Dattijon Zango

Ina yi wa 'yar'uwarmu sannu, Allah ya kawo sauƙi. Zan yi magana ko da ba za ta yi wa matasa daɗi ba. Na haura shekara talatin a garin nan, kuma na ga yadda wannan harka ta neman diyya take lalata mutane. Na ga wanda ya warke sarai amma aka ce ya ci gaba da ɗaura bandeji yana zuwa gashin ƙashi sau uku a mako don takardu su yi kauri, na ga wanda ya bar sana'arsa yana jiran kuɗin da sai bayan shekara huɗu suka zo, lauya ya ɗebi sulusi, asibiti ya ɗebi nasa, abin da ya rage bai kai abin da ya yi asara na zaman jira ba. Allunan tallan lauyoyin nan da suka cika jirgin ƙasa da tashoshin bas ba don tausayinmu aka kafa su ba.

Na biyu, mu baƙi ne, kuma ba kowa ne takardunsa suka cika ba. Mutum ya shiga kotu a tone masa asiri tun daga kuɗin da yake samu har harajin da bai biya ba, ya je neman ƙiba ya samo rama. Matar nan ta faɗi magana ta mutanen kirki, ta ce ƙaddara ce, ta ga alherin maƙwabci ta riƙe. Ni a ganina a yi mata karo-karo a masallaci kamar yadda muka saba, a bar ta da haƙurinta, ladanta yana wurin Allah.

Malamin Islamiyya

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa a kan ƙarya da zuzuta ciwo gaskiya ne, kuma duk kuɗin da aka karɓa ta wannan hanya haram ne ko da alƙali ya sa hannu. Amma ina neman izini in saɓa maka a kan ƙaddara. Kisan kuskure ma da ƙaddarar Allah yake faruwa, duk da haka aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan su ne suka yafe. Imani da ƙaddara yana hana mutum raki da jayayya da Ubangijinsa, ba ya sauke lamuni daga wuyan wanda ya yi sakaci. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar hanya ƙarara: wanda ya haƙa rijiya ko ya ajiye wani abu a hanyar jama'a inda ba a halatta masa ba, wani ya cutu, to shi zai lamunta. Kuma hadisin da muke karantar da yara kullum ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani.

Yafiya haƙƙin Gwaggo ne, babu mai ƙwace mata, kuma idan ta yafe ta yi abu mai kyau. Abin da nake tsoro shi ne ta yafe abin da ba ta san girmansa ba, ga wanda ba ta san ko wane ne ba. Idan bayanin Malama ya tabbata, wanda take yafe wa ba dattijon da ya kawo kujera ba ne, hukuma ce mai karɓar haraji don ta gyara irin waɗannan wurare. Karo-karon masallaci kuwa daga aljihun direbobi da masu gadi da masu aikin kula da tsofaffi zai fito. Ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa talakawan jama'a nauyin da shari'a da doka duka suka ɗora wa wani ba.

Dattijon Zango

Malam, na karɓi gyara a kan ƙaddara. Amma diyyar da ka kawo ƙayyadadda ce, an san ta rai, an san ta hannu, an san ta haƙori. Wannan da suke kira kuɗin raɗaɗi da wahala, wanda mutum goma sha biyu ko shida za su zauna su yanka yadda suka ga dama, a wane babi yake?

Malamin Islamiyya

Tambayar tana da nauyi, Baba, kuma ba zan ce duka abin da kotun nan take bayarwa ya dace da ma'aunin fiƙihu ba. A mazhabarmu karayar kuskure da ta warke sumul babu aibi ba a yanka mata diyya, amma wadda ta warke da nakasa ana kimanta ta gwargwadon abin da ya ragu na amfanin gaɓar, kuma masana ne suke kimantawa. Hannun makitsiya da ya rasa saurinsa nakasa ce da ido yake gani. Kuɗin magani da na aikin da ya tsaya kuwa asara ce da ake iya lissafawa da alƙalami. Idan zuciyarta ba ta natsu da abin da ya wuce wannan ba, hanyar sadaka a buɗe take bayan ta karɓa.

Malama Tafinta

Kada a ɗauka daga maganata ta farko cewa kama birni abu ne mai sauƙi, domin a gaskiya ya fi kama mai gida wuya. Tun 1979 birnin ya yi dokar da ta ce ba za a kama shi da laifin ramin titi ko lalacewar daɓe ba sai an nuna cewa an riga an sanar da shi wannan aibi a rubuce, kuma kwana 15 sun wuce bai gyara ba. Ba ya wadatarwa a ce kowa a unguwa ya san wurin, ko a ce an yi shekara goma ana tuntuɓe a kansa. Kiran waya zuwa 311, lambar kai wa hukumar birni koke, shi ma kotuna sun sha cewa ba ya zama sanarwa a rubuce. Mafita biyu kawai aka bari: a nuna cewa ma'aikatan birnin ne da hannunsu suka haddasa aibin nan take, ko kuwa birnin yana wani amfani na musamman da wurin. Saiwar bishiya da ta yi shekaru tana tura kankare a hankali ba ta shiga ta farko.

Lauyoyi sun yi wa wannan doka dabara mai ban sha'awa. A 1982 ƙungiyar lauyoyin masu ƙara ta jihar ta kafa wani kamfani mai suna Big Apple, aikinsa kawai ya tura mutane su zaga titunan birnin suna zana taswira, suna sa alama a kan kowane tsagewa da tudu da rami, sannan a kai wa sashen sufuri na birni a matsayin sanarwa a rubuce. Bayan dokar 2003 aka daina sababbin taswirori, amma har yanzu lauya yakan nemo ta ƙarshe ya duba ko alamar da ke kanta ta dace da wurin da irin aibin. Haka kuma zai nemi bayanan ko an taɓa rubuta wa gidan takardar gargaɗi a kan daɓen, ko ma'aikatan kula da bishiyoyi sun taɓa zuwa dubawa suka rubuta rahoto. Wannan bincike ba aikin da iyali za su iya yi da kansu ba ne.

Baba, a kan maganar takardun zama, kotun ƙoli ta jihar New York ta yanke a shari'ar Balbuena a 2006 cewa rashin izinin aiki shi kaɗai ba ya hana wanda ya ji rauni neman kuɗin aikin da ya rasa. Amma ka yi gaskiya a kan tone-tone. Wanda ya nemi diyyar kuɗin shiga za a tambaye shi shaidar abin da yake samu, bisa rantsuwa, kuma mai karɓar kuɗi a hannu ba tare da takardar haraji ba yakan sha wuya a nan. Wasu sukan ajiye wannan ɓangare su nemi na rauni da magani kawai. Sulusin lauya ma gaskiya ne, sai dai idan ba a ci komai ba ba ya karɓar ladan aiki, kuma idan Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ce ta biya asibiti za ta cire nata daga abin da aka samu. Duk wannan a faɗa wa Gwaggo tun yanzu da Hausa, kada ta ji shi a ranar rabo.

Hajiya Mai Gida

Bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, tunda ina da ɗan gida na iyali biyu kuma akwai bishiyar hukuma a ƙofata. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ko da doka ta toge mu daga biyan diyya, ba ta toge mu daga gyara ba. Idan falle ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da rabin inci, ya isa a rubuto maka gargaɗi (sai fa idan saiwar bishiyar hukuma ce kaɗai ta jawo), in ba ka gyara ba birni ya turo 'yan kwangilarsa su yi, ya aiko maka da lissafi. Bishiyar kuwa ba ka da ikon sare ta ko datse saiwarta ba da izini ba. Na yi shekaru ina kallon nawa daɓen yana tashi kamar burodi a tanda, ina kwana da fargabar ranar da wata tsohuwa za ta faɗi. Akwai shirin da hukumar kula da lambuna take gyara wa ƙananan gidaje irin wannan ɓarna kyauta, amma layin yana da tsawo, mafi muni ake fara yi wa.

Abin da nake so Gwaggo ta sani shi ne, mai gida mai hankali yana da inshora saboda irin wannan rana, kuma duk wanda ke biyan bashin gida banki ma ba zai bar shi babu ita ba. Idan aka yi ƙara, kamfanin inshora ne yake ɗaukar lauya, shi ne yake biya har iyakar abin da aka yi yarjejeniya. Da a ƙofata ta faɗi, wallahi da na fi son ta nema, domin shekara da shekaru ina biyan kuɗin nan ban taɓa cin moriyarsu ba. Abin da zai iya samuna shi ne a ƙara mini kuɗin shekara, wannan kuwa bai kai hannun mutum ba.

Bazazzagi

Ina karantawa daga Maryland, kuma ina so in ja hankalin waɗanda ba a New York suke ba kada su ɗauki wannan bayani su shafa wa jiharsu. Ɗan'uwa ya ce hankalin Gwaggo yana kan yaro lokacin da ta yi tuntuɓe. A New York wannan ba ya kashe ƙara, sai dai a raba laifi: idan aka ce kashi 30 cikin ɗari nata ne, a rage kashi 30 daga diyyar. A nan Maryland, da Virginia, da North Carolina, da Alabama, tsohuwar ƙa'ida ake bi, wadda ta ce idan mai ƙara yana da hannu a sakacin ko da kaɗan ne, ba ya samun ko sisi. Lauyan ɗaya ɓangaren zai yi ta nanata cewa tudun a fili yake, mai ido ya kamata ya gani. Don haka abin da mutum ya furta a asibiti ko ya faɗa wa wakilin inshora a waya yana iya zama ƙarshen maganar.

Bakatsiniya a Landan

A Ingila tsarin ya sha bamban, domin daɓen gefen titi na ƙaramar hukuma ne, mai gida ba ruwansa. Sashe na 41 na dokar hanyoyi ta 1980 ya wajabta mata kula da shi, amma sashe na 58 ya ba ta garkuwa: idan ta nuna tana da tsarin zagayen dubawa a kai a kai, kuma a zagayen ƙarshe ba a ga aibin ba, ta fita ko da mutum ya karye. Wa'adin ƙara shekara uku ne. A aikace, tudun da bai kai inci ɗaya ba da wuya lauya ya karɓi maganarsa. Ina son Malama ta gaya mana ko a can ma akwai irin wannan ma'auni, tunda ta nace a kan tef ɗin awo.

Ɗan Fagge

Mu da muke gida Najeriya muna karanta wannan muhawara kamar tatsuniya. A nan kwata ce a buɗe a bakin titi, an sace murfin ƙarfen ko ba a taɓa sawa ba, da damina ruwa ya shafe ta mutum ya zurma har ƙugu, waɗanda suka ciro shi su ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. Ba wai dokar sakaci ce babu ba, tana nan, har ma dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, kusan daidai da kwana 90 ɗinku. Bambancin shi ne babu wanda ya ɗauka cewa faɗawa kwata abu ne da ake tambayar wani a kansa.

Ɗan Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je da safe na auna, tudun inci ɗaya da rabi ne a inda ya fi tsawo, kuma yana kan fallen da ake takawa, ba cikin gurbin ƙasar da bishiyar take ba. Amma na ga abin da ban lura da shi ba a da. A hawan ƙasa, ta ƙofar gefe, akwai ƙaramin shagon aski da allonsa da kujeru biyu, kuma mai askin ya ce haya yake biyan dattijon. Shi ne ma ya ce mini ba Gwaggo ce ta farko ba, ya taɓa tayar da wani mai raba wasiƙu a wurin. Akwatunan wasiƙa uku na ƙirga a ƙofar gidan.

Na karanta wa Gwaggo duk abin da aka rubuta a nan, har da na Baba. Ta yi shiru, sannan ta ce maganar Malam ta shige ta, ta kuma yarda a je a ga lauya. Amma da na gaya mata batun shagon aski da abin da nake zargin yana nufi, sai ta koma gidan jiya, ta ce in dai sunan dattijon ne za a rubuta a takarda, ita sai ta fara zuwa ta gaishe shi ta gaya masa da bakinta.

Malama Tafinta

Zarginka yana kan hanya. Shagon da ake biya wa haya yana rushe sharaɗin zama kawai, don haka da alama nauyin ya dawo kan mai gidan, wato kan inshorarsa. Kotuna sun yi sassauci ga wanda ya ajiye tebur da kwamfuta a ɗakinsa yana ɗan aiki, amma shago mai allo da abokan ciniki wani abu ne daban. Ta fuskar shari'a wannan ya fi muku sauƙi, domin mai gida ba ya da garkuwar sanarwa a rubuce. Ya isa a nuna ya sani, ko kuwa aibin ya daɗe a fili har ya kamata ya sani, kuma maganar mai askin tana da amfani a nan. Da a cikin gurbin bishiyar ta faɗi, da magana ta koma kan birni, domin kotun ƙoli ta jihar ta yanke a 2008 cewa gurbin bishiya ba ya cikin daɓen da aka ɗora wa mai gini. Duk da haka lauya mai lura zai shigar da takardar Kwanturola kafin kwana 90 su cika, saboda ba a san abin da takardun gidan za su nuna ba.

Hajiya ta Landan, a New York babu ƙayyadadden ma'auni a ƙarar diyya. Kotun ta faɗa a shari'ar Trincere a 1997, ta sake nanatawa a 2015, cewa ba inci kaɗai ake dubawa ba, ana haɗawa da faɗi da zurfi da siffar aibin da hasken wurin da lokacin da abin ya faru. Ƙaramin tudu ana iya korar ƙararsa a ce bai taka kara ya karya ba, amma inci ɗaya da rabi bayan magariba ba ƙarami ba ne.

Batun gaisuwa kuwa, ban ga laifinsa ba, kuma na fahimci abin da ya sa ba za ta iya tsallake shi ba. Roƙona shi ne ta fara ganin lauya, sannan ka raka ta. Ta gode masa, ta tambayi lafiyarsa, ta gaya masa takarda za ta zo don ya miƙa wa inshorarsa da wuri, domin shi ma jinkirin sanar da su yana iya cutar da shi. Amma kada ta ce laifinta ne, kada ta ce ta yafe, kada ta sa hannu a komai, kuma kada ta karɓi ambulan ɗin kuɗi. Ka san halin iyayenmu, da an ce musu sannu sai su ce ba komai, ni ce ban duba ba.

Dattijon Zango

To, tunda ta yarda, ba ni da ta cewa. Sharaɗina ɗaya, ɗana: ranar da likita ya ce hannu ya warke, a cire bandeji ta koma shago, ko lauya ya so ko bai so ba. Idan za ku je gaida dattijon ku biya ta wurina, zan raka ku, irin wannan magana ta fi kyau a bakin tsoho da tsoho.

Ɗan Kumasi

Na amince, Baba. Mun sami ganin lauya ranar Talata da ƙarfe goma, kuma sun ce za su nemo tafinta. Yanzu da na biyo ta layin na tarar an zagaye fallen da jan fenti an kafa robar gargaɗi a kansa, mai askin ya ce dattijon ya kira masu gyara tun makon jiya. Hotunan suna wayata, na kuma tura wa matata da Malama kwafi. Takalman ne ban samu ba tukuna, Gwaggo ta ce tana jin ta ba wata 'yar'uwarta da ta zo dubiya.